Rabon Safar Amarya a Zauren Katako

Ranar Lahadi ce cikin watan Fabrairu na 1909, dusar ƙanƙara na zuba tun safe, sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Da yamma muka soma wasan kwaikwayo a zauren manoma na wani ƙauye kusa da garin Viljandi. Zauren katako ne, ƙofarsa ɗaya, kuma ciki take buɗewa. Jama'a sun cika shi maƙil, kowa da rigar fatar tumaki, yara a kan cinya.

Loviisa Tedre ce shugabar ƙungiyarmu. Ita ke tsara wasa, ita ke fitowa a amarya duk da ta ba arba'in baya. Ni ne ango, don mai yin angon ya gudu birnin Riga. Ban daɗe da barin dako a tashar jirgin ƙasa na bi ta ba.

Muna tsakiyar bikin aure na ji ƙauri. Na saci kallon baya. Fitilar kananzir ta lashi zanen dajin da muka rataya a bayan dandamali, wuta na hawa ta bayansa, inda 'yan kallo ba sa gani. Aadu, tsohon da ke ja mana labule, yana ta dukanta da hula, idanu a waje.

Na buɗe baki. Loviisa ta damƙi hannuna har faratanta suka shige nama.

"Ka furta kalmar nan, Priidu, da hannuna zan binne ka," ta ce ƙasa-ƙasa, tana yi wa jama'a murmushi. "Dubi ƙofar."

Na duba. In aka ce gobara, jama'a za su danne ta da jikinsu, babu mai fita.

Ta matsa bakin dandamali ta ware hannuwa. "Dangin ango! Amarya ba ta shiga gidan miji hannu rabbana. Akwatina na waje, cike da safar hannu saƙar kaina. Na baya su fara fita, mai yaro ya riƙe yaronsa!"

Ba wanda ya motsa. Wani ƙato mai gemu ya ɗaga murya daga gaba: "Amarya, wannan angon naki ai ƙafarsa rawa take! Sake shi ki taho gidana!"

Zaure ya ɗauki dariya. Ni ina jin ƙarar wutar a bayana.

"Haba Baba, jeka ka karɓi safa, ko uwargida ta ga yau ka koma da abin kirki," in ji Loviisa. Ta tura ni. "Ango, raka baƙinka."

Ban san yadda na ratsa su ba. Na jawo ƙofar, na tokare ta da bayana. Iska mai sanyi ta bugo ni, zuciyata na cewa in ruga. Loviisa ta ɗauko waƙar rakiyar amarya, wadda kowa ya sani, suka amsa, suka fara fita suna tafi. Waƙar ta ƙare, ta sake ɗaukowa daga farko. Hayaƙi ya soma bin rufi.

Wata tsohuwa ta tsaya a gabana tana shinshina. "Yaro, me ke ƙonewa?"

"Naman biki ne a murhu, Inna. Yi sauri kada safa ta ƙare."

Saura layin gaba kaɗai wutar ta huda zanen. Aka yi ihu. Suka yo kaina, wani ya taka ni, kafaɗata ta goce, amma ban bar ƙofar ba. Loviisa ce ta fito ƙarshe, tana jan Aadu, mayafin amarya na ci da wuta a kanta. Muka danna ta cikin ƙanƙara don kashe wutar.

A waje har a lokacin wasu na tambayar ina akwatin.

Ba a rasa rai ba. Zauren ya ƙone ƙurmus, da zanen daji, da kayan sawarmu duka, da gogen mai yi mana kiɗa. Aadu ya rasa yatsu biyu. Hayaƙi ya cinye muryar Loviisa. Ta ci gaba da tsara wasa, amma ba ta ƙara hawa dandamali ba.