A Turo Mini ta Layina

Tunda maigidana ya yi ritaya gidanmu ya koma ofis. Shekara da shekaru yana darakta a wata ma'aikata, har sunan ya bi shi, maƙwabta ma Darakta suke ce masa. Da aka karɓe kujerar sai ya rasa wanda zai ba umarni in ba ni ba.

Wata rana ya shigo da kwali cike da kawunan waya da kebul. Wai wayar gida ce mai aiki da intanet, kowane ɗaki da layinsa. Na ce, "Darakta, mu biyu ne fa a gidan nan, kuma kowa da wayarsa a hannu." Ya ce wayar hannu ta 'yan kasuwa ce, gidan mutunci sai da layi.

Ya huda mini bango kamar rariya. Ya kwashe tangarana daga kan kabad ya ɗora akwatin intanet, wai a nan sabis ya fi ƙarfi. Layi na ɗaya nasa ne, a falo, gefen kujerarsa. Na biyu a kicin, kusa da wurin wanke-wanke. Ɗakin baƙi da ba mai kwana a ciki ma ya samu nasa. Sannan ya zauna gaban kwamfuta, tabarau a ƙarshen hanci, ya saita abin yadda duk kiran da ya shigo sai ya fara bugawa a kicin. Ni zan ɗauka, in tambayi mai magana, in danna maɓallin tauraro da na ɗaya in tura masa.

"Babba ba ya ɗaukar waya da kansa," in ji shi.

Da furfurata na zama sakatariya, kuma ba hutun ƙarshen mako.

Kula da abin kuwa ya fi renon jariri wuya. Kullum da safe sai ya tsaya gaban akwatin yana duba fitilu, in ɗaya ta yi ja a kashe a kunna, kowa ya yi tsit. Ya sayo batirin ajiya don kada wuta ta ɗauke layi ya mutu. Firji dai ko oho. Ya hana ni kallon fim a wayata, wai ina cinye ƙarfin intanet murya na rawa. Bayan haka sai gwaji. Ina tsaye ina ganin ƙeyarsa ta ƙofar kicin, zai bugo.

"Layi na biyu, kina ji na?"

"Tun kafin ka ɗaga wayar nake jin ka."

"A amsa ta layi, don Allah."

Masu kiranmu daga waje kuwa, in ka cire mai gyaran famfo da wata mata da kullum take kuskuren lamba, babu kowa.

Ni dai kira ɗaya nake jira. Autanmu ya bar karatun da ubansa ya zaɓa masa ya tafi aikin jirgin ruwa, Darakta ya rantse kada ya sake jin muryarsa. Shekaru suka shuɗe, abin yana cin raina, ba na iya faɗa. Sai yayar yaron ta raɗa mini cewa jirginsu zai tsaya a wata tasha na ɗan lokaci, kuma ta ba shi lambar gidan. Yana so ya nemi gafarar ubansa kafin su koma teku, inda sai an yi watanni ba a ji daga gare su ba. Ban gaya wa Darakta ba, don na san halin kayana.

Ran nan da hantsi ina wanke tukunya wayar ta buga. Na ɗauka da kumfa a hannu.

"Umma, ni ne."

Na ce "Auta!" da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Umma, wayar wani na ara, yanzu za mu tashi. Baba yana kusa?"

Ina juyawa na ga Darakta a bakin ƙofa, ba takalmi, jarida a hannu. Ya ji sunan. Idonsa ya kawo ruwa, wallahi na gani. Na miƙa masa wayar, tsakaninmu bai fi tsawon hannu ba.

Ya ɗago hannu, sai kuma ya tsaya. Ya dubi wayar kicin da kumfar da ke jikinta, ya gyara wuyan riga.

"A turo mini ta layina."

"Darakta, ɗanka ne!"

"Na ce a turo."

Ya juya, kuma ban taɓa ganin tsohon nan yana gudu ba sai ranar. Na ce, "Auta, riƙe, ga shi nan." Na goge yatsa a zani, na danna tauraro, na danna ɗaya. Sai na ji ɗif.

Na leƙa falo. Ashe ɗoki bai bar shi ya jira ta buga ba, ya riga ya ɗaga kan wayarsa ya manna a kunne. Na'ura ta ga layi na ɗaya a kame, ta yanke kiran, kamar yadda shi da kansa ya saita ta, wai kada a katse wa babba magana. Lamba kuma ba ta fito ba, balle a bi.

Na tashi in wanke shi tas, maganar tana bakina. Sai na ji shi yana magana a cikin wayar da ba kowa, da wata ƙaramar murya da rabona da ita tun ranar da aka haifi yaron.

"Auta? Babanka ne. Ina jin ka, yi magana."

Na koma kicin na zauna a ƙasa kusa da wayar. Shi kuma yana can riƙe da tasa, ya ƙi ajiyewa.