Disket ɗin Baba Illi

"Ja ƙofar," in ji Baba Illi.

Siddiƙ ya ja ƙyauren langa-langa. Ɗakin ya yi duhu-duhu, sai zaren hasken hantsi da ke shigowa ta hujin ƙusa. Tsohon yana kishingiɗe a kan tabarma, an tallafe bayansa da buhun tsummoki. Muryarsa ta ƙare tun kafin azumi. Abin da ya rage iska ce, sai ka sunkuya kake ji.

Ya laluba ƙarƙashin buhun ya jawo gwangwanin ganyen shayi. A ciki akwai disket uku, naɗe cikin guntun rawani.

"Takarda ɗaya nake so. Ban tuna wanne ba. Ka buɗe."

"Baba, wa ke aiki da disket yanzu? Ordinatar tawa ko ramin sa shi ba ta da shi."

"Ka nema."

"Mene ne a ciki?"

Tsohon ya rufe ido, har Siddiƙ ya zaci barci ya ɗauke shi.

"In ta buɗu, ka kira Fadimata. Ita kaɗai."

Wannan ce maganar da ta ɗaure wa Siddiƙ kai. Inna Fadimata, matar tsohon, ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba. Ko lambar tarho sai an danna mata. Me za ta karanta a ordinatar, a fuskar kwamfuta?

Shekara biyar katanga ɗaya ce tsakaninsu. Baba Illi Ba'abzine ne na wajen Gougaram, ya yi shekara ashirin da biyu yana buga takardu a biro, wato ofis, na wani kamfanin ma'adini kafin ƙirji ya zaunar da shi. Siddiƙ daga Damagaram ya zo Arlit, bayan jarrabawar ƙarshe ta kada shi sau biyu. Yana da rumfa kusa da tasha inda yake buga wa mutane takardar neman aiki, don a bana kowa ya ji an buɗe sabbin ramukan ma'adini, kowa yana so a rubuta shi direba ko mai gadi.

Amma bana ɗin ba ta aiki kaɗai ba ce. Akwai nakiya a hanyar Agadez, mota ba ta fita sai soja gaba soja baya. An kama wani tela saboda lambar da aka gani a tarhonsa. Kuma Alhassane, ɗan Baba Illi, wata takwas ba a gan shi ba. Uwarsa ta ce yana Dannet wajen awaki. Kartiye, wato unguwa, ta ce ya hau dutse wurin ƴan tawaye.

Siddiƙ ya zura disket ɗin cikin aljihun ciki. Ya ji su a jikinsa kamar garwashi.

A kasuwar ƙarafa ya sami Ahmudu, mutumin Tahoua, zaune a kan mataccen firji, yana warware waya. Ya tambaye shi injin karanta disket.

"Lektar na disket? Kai, Malam Siddiƙu, mi za ka yi da gawa?"

"Na wani ne."

"Wane wani? Maƙwabcin nan naka mai rawani?"

"Ban ce ba."

"Ba ka ce ba, huskarka ta ce." Ahmudu ya tofar da tsinken da ke bakinsa. "Kai yaro ne, ba ka nan lokacin tawayen hwarko. Shi ad da makullin biro. Kamiyo, manyan motoci, nawa za su hita, wace rana, wace hanya, duk ta hannunai. An ce..."

Bai ƙarasa ba. A Arlit ta wannan shekara ba a ƙarasa "an ce".

Ya tono lektar biyu daga ƙarƙashin tarin tsoffin injuna, ya busa su, ƙura ta tashi.

"Ɗauki. Ni ban gan ka ba, kai ma ba ka gan ni ba."

Siddiƙ ya kwance gefen ordinatar tasa ya haɗa na farko. Ya yi ƙara kamar dutsen niƙa, ya yi shiru, bai sake motsi ba. Na biyu fitilarsa ta kama ta ƙi mutuwa. Ya daɗe yana kallonta kafin ya gane faffaɗar wayar ce ya sa a juye, jan gefen yana inda bai kamata ba. Ya gyara. Ya goge kan lektar ɗin da auduga da alkol, ya yi bisimilla, ya tura disket na farko.

Takardun hutu ne, da jerin masu karɓar takalmin aiki. Ya saki numfashi.

Na biyu tsatsa ta cinye murfinsa. Babu abin yi.

Na uku ya shiga, ya yi ƙar, ƙar, ƙar. Sai ekran, gilashin ordinatar, ya fito da tambaya da Faransanci: wannan disket ba a shirya shi ba, a share shi a shirya? Ƙarƙashinta akwatuna biyu, Oui da Non, wato E da A'a.

Siddiƙ ya san tambayar nan. Ba gaskiya take faɗa ba, inji ne ya kasa karantawa yake neman hanya mai sauƙi. Danna ɗaya, komai ya tafi. Sai ya koma ya ce, Baba, zafi ya kashe su, shekaru sun yi yawa. Ba wanda zai ƙaryata shi. Ko Baba Illi kansa ya san disket yana mutuwa.

Motar soja ta wuce a hankali, wanda ke baya yana duban rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Yatsan Siddiƙ yana kan Oui. Ya tuna lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, babu nasa a garin, tsohon nan ne ke tsallako katanga da kwanon fura yana cewa, tashi, ɗan Damagaram, ba a mutuwa a garin mutane.

Ya danna Non.

Ya fasa kwanson disket ɗin da reza. Yashi ne a ciki, laushi kamar gari. Ya zaro baƙin faifan da gefen yatsa biyu, ya busa, ya shafe shi da auduga daga tsakiya zuwa baki. Ya fasa kwanson na farko, mai takalma, ya mai da faifan ciki, ya liƙe da sikoc.

Sau huɗu ya tura. A na biyar ƙarar ta canza, ta koma tik, tik, tik. Takarda ɗaya ce. Sunanta harafi ɗaya, F. Shekara 1994.

Ya buɗe.

Babu kalma ko ɗaya. Alamar tarawa, sifiri, sanda ɗaya, sanda biyu, ɗigo, ɗigo biyu, rabin akwati. Layi bayan layi, shafi uku. Da farko ya ce lalacewa ta yi. Amma ya sha ganin lalatacciyar takarda, shirme take zubowa, ba tsari. Wannan da hannu aka buga ta. Alamun suna tafiya ƙungiya-ƙungiya, wasu suna dawowa.

1994. Tsakiyar tawayen farko. Mutum mai makullin biro.

Bai kwafe ta a ordinatar tasa ba. Ya zare disket ɗin, ya rufe rumfa, ya nufi gida cikin rana tsaka.

"Baba, cikin me ka sa ni?"

Tsohon ya ƙara zubewa tun safe. Leɓunansa sun bushe.

"Ta buɗu?"

"Babu rubutu. Alamu ne. Irin na masu ɓoye magana." Siddiƙ ya rage murya. "Na ci abincin gidan nan, ban manta ba. Amma ina da uwa a Damagaram. In saƙo ne zuwa dutse, ka gaya mini."

Wani abu ya motsa a gefen bakin tsohon. Ko murmushi ne ko zafi, Siddiƙ bai iya rabewa ba.

"Kira ta."

Ba sai an kira ta ba. Inna Fadimata tana bakin ƙofa da butar alwala a hannu, ta ji rabi. Ta dubi mijinta, ta dubi Siddiƙ.

"Mi ne kuke ɓoye mini, ku biyu?"

Tafiyar daga gida zuwa tasha ba ta taɓa yi masa tsawo haka ba. Mai shayi ya bi su da ido. Masu gyaran babur sun daina magana. A rumfa ya saki labule, sai ya ga sakin labulen ya fi jawo ido, ya ɗage. Ya ba ta kujera, ya tura disket, yana roƙon Allah kada faifan ya ƙi.

Tik, tik, tik.

Ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta ɗora yatsa a ƙarshen layi ta dama, ta fara wani guɗa-guɗa a maƙogwaro, ta tsaya, ta yi tsaki. Ta mai da yatsan hagu ta sake farawa. Sai guɗar ta fara zama magana.

"Inna, kina karantawa?"

"Tifinar ne, ɗana. Rubutunmu. Uwata ya koya mini a kan yashi." Ta nuna alamar tarawa. "Wannan ta. Wannan ƙawanya, ra. Sanda biyu, la. Injinku ba shi da namu, sai ya ari naku masu kama."

Siddiƙ ya ji kunya ta hau masa har kunne. Shekara biyar yana ganin alamun nan a jikin zoben azurfa da bangon shaguna. Bai taɓa kawo wa ransa za su iya shiga ordinatar ba. A wurinsa ordinatar Faransanci take ji.

Ta yi ta bi a hankali. Rubutun ba shi da wasula, sai ta rera kowace ƙungiya sau biyu, sau uku, har kalmar ta faɗo. In ta kai ƙasa ta ce, "Ɗaga," ya ɗaga mata. Wani ya leƙo da takardu a hannu, Siddiƙ ya ce kuran, wutar lantarki, ya yi rauni, ya dawo gobe.

A tsakiyar shafi na biyu ta tsaya. Sai ta yi ƴar dariya ta hanci.

"Tsohon banza."

"Mene ne, Inna?"

"Taguwa ne, raƙuma. Farar taguwar da uwata ya ba ni ranar aure. Bayan babban fari ita kaɗai ya rage mana. Ya ce mini ta ɓata, ƙishirwa ya kashe ta, har ya kawo mini igiyarta." Ta share hanci da gefen mayafi. "Ashe wani shugaban lebura ya kai wa, don a rubuta sunansa a kamfani. Ya ce ya buga wannan lokacin da ake kwasar mutanenmu daga biro, yana tsammani gobe shi ne. Ya ce in yafe."

Siddiƙ ya dubi ekran.

"Shafi uku, Inna. Duk taguwa?"

Ta juyo ta dube shi ido cikin ido, har ya sunkuyar da kai.

"Sauran ba naka ba ne."

Ta ƙarasa karatunta, leɓe kaɗai ke motsi. Ta miƙa hannu, ya zare disket ɗin ya ba ta, ta ƙulle shi a bakin zane.

"Za ki yafe?"

"Na gan ta a kasuwar Agadez bayan shekara biyu, da tambarin gidanmu a wuyanta. Ta shaida ni, ta miƙo kai." Ta tashi tana dafa gwiwa. "Shekara talatin ina jira ya faɗa da bakinsa. Sai ya je ya gaya wa ƙarfe."

Da sauri ta koma, har yana bin ta da ƙyar. Bai shiga ba. Ya tsaya a tsakar gidansa, jikin katanga. Da Tamajaq, yarensu, take yi, ba ya ji ko kalma. Muryar faɗa ce, ta daɗe tana yi, irin faɗan da ake yi wa wanda ya bar ƙofa a buɗe awaki suka shiga. Daga baya ta yi ƙasa. Ya ji wani sauti daga tsohon, gajere, sau biyu. Zai iya zama tari.

Washegari bayan la'asar Baba Illi ya cika.

Mutane ba su yi yawa a jana'iza ba. Waɗanda suka zo ma, kowa yana satar kallon wa ya zo. Alhassane bai zo ba, ba kuma wanda ya tambaya. A hanyar dawowa daga maƙabarta Ahmudu ya jero da Siddiƙ, ya sa baki kusa da kunnensa.

"Mi kag gani ciki?"

"Taguwa."

Ahmudu ya dube shi ta wutsiyar ido.

"To. Ɓoye. Gara haka."

Kwana uku rumfar tana rufe. Ranar da ya buɗe, wani ɗan Maradi yana jira a bakin ƙofa da kwafin lasin tuƙi, yana so a buga masa neman aikin direba. Siddiƙ ya zauna ya juyo da ekran wajen haske. A jikin gilashin akwai layuka shuɗi-shuɗi, babar mayafin Inna Fadimata da ta bi yatsanta. Na sama gajere ne, ya fara daga dama ya tsaya. Sauran sun tafi daga hagu har ƙarshe, ɗaya ƙarƙashin ɗaya.

"Suna?" in ji Siddiƙ.

Mutumin ya faɗa. Haruffan suka fara fitowa ta ƙarƙashin shuɗin.