Kawu da Dakarun Jiki

Tun da Kawu ya zo yin "kwana biyu", Auta ta koma kwana a falo, kan doguwar kujerar da aka tokare ƙafarta da tsohon ƙamus. Ɗakinta da teburinta da fitilar karatunta duk suna hannunsa. Ga jarrabawa ta ƙarato, ita kuwa ba ta iya karatu inda talabijin ke surutu.

Duk wanda ya shiga yi wa Kawu zancen tafiya, da murmushi yake fitowa. Baba ya shiga fuska a murtuke, ya fito yana shafa gemu saboda an ce masa ko kaɗan bai tsufa ba. Umma, wadda Kawu ƙaninta ne, ta shiga da tsintsiya a hannu, ta fito ta ɗora masa shayi.

"Saura ke," in ji Umma. "Ai ɗakinki ne."

Auta dai tsutsar ciki take nazari a jami'a, don haka ta ga kamar ta san irin wannan dabara. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta zauna ba, ba kuma za ta yi dariya ba. Ta yi sallama.

Kawu na kishingiɗe a gadonta, littafinta buɗe a ƙirjinsa.

"Likita! Zo ki fitar da kawunki daga duhu. Wannan abu mai kama da zare, me ya hana jiki ya kore shi?"

A gidan nan babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Da ta ce "tsutsa" sai a ce, "Ke, abinci muke ci!"

"Jiki yana da dakaru, Kawu," ta ce daga bakin ƙofa. "Da baƙo ya shigo sai su far masa. Tsutsar kuwa ba ta faɗa da su. Wani sinadarin furotin take saki, ya sa ƙwayoyin da aikinsu sulhu ne su yawaita. Su kuma su bi dakarun suna ba su haƙuri, har kowa ya ajiye makami."

"Kai! 'Yar banza mai ladabi! To mai jikin fa, ba ya samun komai?"

"Ramewa yake yi. Sai dai wasu, atishawa da ƙaiƙayin da ke damunsu kan lafa, tunda dakarun sun daina faɗa da ƙura."

"Kin ji ko! Ni dama na san ba a zaman banza. Yaushe rabon da ki ji iyayenki suna cacar baki kan wanda ya ɓatar da makulli?"

Auta ta tuntsire da dariya. Sai a lokacin ta lura tana zaune a bakin gado, har ta zana masa hanji a bayan kwalin sabulu.

"Kawu, dama na zo ne..."

"Jarrabawa ko? Kullum da yamma ki zo ki yi mini bita. Ga teburi nan, ki ɗauke shi kamar naki."

Har godiya ta yi.

Umma na jiranta a ƙofar kicin, hannu a ƙugu. "Yaushe zai tafi?"

"Ya ce wuyansa na ciwo, a ƙara masa filo."

"Ke kuma kika ce me?"

Auta ta wuce falo ta ɗauko masa nata.