Safar Hannun Masu Ɗaukar Mirdza

Laifin da zan ba da labarinsa ba sata ba ne, ba kuma mugunta ba. Shi ne mutum ya toshe kunne ga tsoho don abin da tsohon ke faɗa ba ya masa daɗin ji, sannan ya kira hakan ƙauna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma 'ya'yan yanzu sai su zo daga nesa su nuna maka inda za ka tara kwano. Gunta 'yar Mirdza ta yi wannan laifin a gabana, ranar jajibirin Kirsimeti, a gidan tsofaffin da nake zaune har yau.

Ni da Mirdza ɗakinmu ɗaya, gadonta ta wajen taga, nawa ta wajen ƙofa. Tun da ɓarin jikina ya shanye, hannun hagu ya mutu, harshe ya yi nauyi. Kafin in haɗa kalma uku, mutane sun koma wani zancen. Amfanina ɗaya ya rage: Mirdza ta rataya zaren ulu a hannayena tana naɗewa. Takan ce, "Ɗaga mataccen nan, Austra, ko ba komai ya fi ƙusa."

Safar hannu take saƙawa. A yankinmu mace ba ta tafiya kabari hannu rabbana. Masu ɗaukar akwatin gawarta su shida da masu haƙa kabari su biyu, kowa sai an ba shi safar hannu saƙar mamaciyar, ita ce godiyarta ta ƙarshe. Wadda aka binne babu wannan, sai a ce ragguwa ce, ko kuwa ba ta da kowa. Waɗanda Mirdza ta saƙa tun da ƙarfinta, asu ya cinye su a akwatin kaya shekarar da aka sayar da gidanta. Ta sake farawa tana da shekara tamanin da huɗu, yatsun duk sun kumbura sun karkace. Abin da a da take gamawa cikin kwana huɗu, yanzu wata uku yake ci. Baƙi da fari ne, da ɗan layin kore a wuyan hannu, irin zanen ƙauyensu. A shekara biyu ta gama ta mutum bakwai, ta takwas tana kan allura. Kowace da mai ita, amma sunayen suna cikin kanta. Ta ce idan Gunta ta zo daga Ireland, za ta faɗa mata ta rubuta.

Gunta ta iso da hantsi ita da mijinta Ojars, dusar ƙanƙara a kafaɗunsu. Ta rungume uwar, ta gaishe ni da ƙarfi kamar kurma ce ni. Ko zama ba ta gama yi ba, Mirdza ta jawo jakar da take ajiye safar daga ƙasan gado.

"Ɗauko biro, 'yata. Wannan ta Imants ce, ɗan maƙwabcinmu, shi zai kama gaba ta dama. Hannunsa kamar shebur, shi ya sa na..."

"Ya kama me, Mama?"

"Akwatin mana."

"Haba Mama! Jirgi na hau, na hau mota, don in zo in ji zancen akwati? Yau Kirsimeti fa."

"Ita mutuwar hutu take ɗauka ran Kirsimeti? Rubuta, minti biyar ne."

"Ba zan rubuta ba. Kullum kina zaune kina saƙa wa kabari kaya, ta yaya za ki ji ƙarfi? Likita ya ce zuciyarki garau take."

"Likitan ba ya kwana da ita."

Ojars ya yi gyaran murya. "Gunta, ki rubuta musu mana, mene ne a ciki?"

Ta juya ta yi masa wani kallo, ya koma duba taga. Mirdza ta mayar da jakar. Aka kaɗa ƙararrawar abinci.

An haɗa tebura a babban zaure, an kunna kyandirori duk da rana ce. Iyalai sun cika wurin: 'ya'ya daga Riga, babban birninmu, jikoki daga ƙasashen da ban iya faɗar sunansu, wasu ma ba sa jin harshenmu sosai. Aka kawo wake mai ruwan toka da soyayyen naman alade, da kabeji mai tsami, da 'yan burodin nan masu nama a ciki. Kusa da mu tsoho Zanis ne a keken guragu, mutumin da bakinsa bai taɓa tsufa ba.

"Mirdza, cinye waken nan tas," in ji shi. "Kowace ƙwaya kika bari, hawaye ne a sabuwar shekara."

"Da wane haƙori? Ara mini naka, na ga a kofi kake ajiye su."

"Ki aure ni, sai mu riƙa karɓa-karɓa."

"In na rasa mijin aure na auri keken, shi aƙalla yana motsi."

Aka yi dariya, har da Gunta. Amma na ga idonta yana kan yatsun uwar, yadda cokali ke rawa a cikinsu. Tsoro ne ya cika ta, ban musa ba. Sai dai tsoro ba hujja ba ne.

Da aka kwashe kwanuka, Gunta ta tashi ta fita. Na ɗauka banɗaki ta tafi. Sai ga ta da jakar Mirdza a hannu. Ta buga cokali a jikin kofi.

"Jama'a, mahaifiyata ta shekara biyu tana saƙa, kuma yau za ta yi kyauta! Kaya na masu rai ne. Wa yake jin sanyi?"

Tsofaffi suka kalli juna, don duk wanda ya girma a yankinmu ya san baƙi da fari da layin kore. Matasan kuwa suka hau tafi. Ta miƙa wa Zanis ta farko. Ya ɓoye hannayensa a hammata.

"Ni? 'Yar nan, da keken zan ɗauke ta? Mayar, ba tawa ba ce."

"Kai Baba, camfi!" Ta juya ta ba wata budurwa daga Riga, jikar wani. Budurwar ta sa, ta ɗaga hannu ana ɗaukar ta hoto.

Na buɗe baki. Abin da nake so in ce shi ne, bari, na masu ɗauka ne. Abin da ya fito, "Ba... ba..." ne kawai. Gunta ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke ma kina so, Iya Austra? Ai ke kullum kina ɗaki." Na ɗaga hannun kirkin in riƙe jakar, ta riga ta wuce teburi na gaba. Rasma, ma'aikaciyar da ta san al'adar, tana kicin tana yanka kek. Ojars ya sunkuyar da kai yana murza ɓurɓushin burodi.

Ita Mirdza fa? Ta zauna a miƙe. Kyautar da aka bayar da sunanka a bainar jama'a ba ka ƙwace ta, kuma uwa ba ta tsinka 'yarta a gaban baƙi. Wani saurayi ya zo ya durƙusa yana godiya da gurɓatacciyar magana, safar Imants tana lilo a siraran hannayensa. Ta ce masa, "Ka sa lafiya." Kafin kek ya iso, ta mutum bakwai ta tafi.

Gunta ta dawo ta zauna tana haki, fuska a sake. "Kin gani, Mama? Yanzu ki saƙa mai launi, ja da rawaya. Bazara zan zo in karɓa."

Mirdza ta ce, "To."

Ban taɓa jin "to" mai sanyi irin wannan ba.

Bayan biki Rasma ta yi iya yinta. Ta bi iyalai ta waya ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun koma ƙasashensu, wata ta ba saurayinta, wani ya bar tasa a jirgin ƙasa. Guda ɗaya aka dawo da ita ta gidan waya, an wanke ta da ruwan zafi a inji, ta ƙanƙance ta daskare, ko hannun yaron goye ba zai shiga ba. Mirdza ta juya ta, ta ajiye.

Ta gama ta takwas a ƙarshen Janairu. Ta ce in ɗaga hannu, ta naɗe sabon zare, ta ɗora wata. Amma madaukan suka riƙa zamewa. Ta saƙa layi uku, ta warware biyu. Wata rana na ji tana lissafi da yatsu, wata uku sau bakwai, sai ta ajiye allurar a kan taga. Ni da ke da idon gani ba ni da hannu. Zanis mai hannu bai taɓa riƙe allura ba. Rasma ta ce za ta taya ta, Mirdza ta ce, "Allah ya yi miki albarka, amma godiyar da wani ya yi maka ba taka ba ce."

Kowace Lahadi Gunta na bugo waya. Rasma ta kara wa uwar a kunne.

"Mama, ya jiki?"

"Lafiya."

"Kin fara mai jan?"

"Ana kiran mu abinci."

Ba a kiran kowa.

Ta rasu a tsakiyar Maris, da safe, ƙasar da sanyi ya daskarar ba ta saki ba tukuna. Ban je jana'iza ba, babu motar da za ta ɗauki kekena zuwa ƙauye. Rasma ce ta je, ta dawo ta ba ni labari. Gunta ta tsaya a shago a hanya ta sayi safar hannu ta kamfani, ruwan toka, a cikin leda. A ƙofar coci ta tsaya da ita, ga kuma guda ɗaya tak ta saƙar uwarta, ga maza takwas, ba ta san wa aka saƙa wa ba. Ta tambayi Rasma, Rasma ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba, suna ɗaya na taɓa ji. Mazan suka karɓi na shagon don kunya, suka cusa a aljihu da ledarsu, suka ɗauki akwatin da hannu tsirara a cikin wannan sanyin. Tsofaffin matan ƙauye suna tsaye suna kallo.

Da-na-sani ƙeya ce. Ga abin da Gunta ta rasa, in lissafa mata tun da ita ba ta tsaya ta lissafa ba. Ta rasa Lahadi goma sha ɗaya da uwarta ke da rai da hankali, ba ta samu daga gare ta ba sai "lafiya". Ta rasa sunaye bakwai da minti biyar ya isa a rubuta su. Ta rasa gaisuwar matan ƙauyen da suka yi mata wankan jego ita da uwarta, don ranar ko ɗayarsu ba ta tsaya cin abincin makoki ba. Kuma uwar da ta haife ta ta shiga ƙasa ba ta gode wa kowa ba.