Ranar da Kwarkwasa Ta Shiga Sito

Ruwan safe na ɗaukewa, kwarkwasa, tururuwar nan mai cizo, ta ɓullo daga gindin mangwaro, ta miƙe baƙi ƙirin zuwa siton gidan Madam Pamela a Nasarawa. Mairo mai girki ta rarumo jarkar kananzir.

"Ajiye min abin nan!" Madam ta daka mata tsawa. "A garinmu can kudancin Kaduna, hanya ake ba su."

Ta sa aka kwashe kaji da manja, ta wangale ƙofar siton, ta ja kujera ta zauna kamar mai kallon fareti. Ta nuna wa Mairo masu manyan kawuna da suka jeru a gefe suna gadi, da ƙanana da suka sarƙe ƙafafu suka yi gada a kan kwata.

"Ko ido ba su da shi," in ji ta. "Warin 'yan'uwansu suke bi."

Kafin la'asar sun wuce. Kyankyasan da suka gagari masu feshi shekara da shekaru, babu ko ɗaya.

Mairo ta riƙe baki. "Madam, wa ya koya miki?"

Madam ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Kakata. Je ki share fukafukan, su kaɗai aka bar miki."