Hula a Kan Tebur

A makarantarmu duk wanda zai fita wata sabga tasa lokacin aiki, hularsa yake bari a kan tebur. Ba a rubuta wannan doka a ko'ina ba, kuma ban san wanda ya ƙirƙiro ta ba, na zo na tarar ana yi. Ka ajiye hula kusa da alli, ka buɗe littafi ka kife shi, ka ja kujera baya kaɗan kamar yanzu ka tashi. Malamin ajin da ke kusa da naka sai ya riƙa leƙowa, ya rubuta wa yaranka aiki a allo. Idan tsautsayi ya jefo sufeto daga ofishin ilimi ya tambayi ina malamin ajin nan, sai a nuna masa hula a ce ya zagaya. Ban taɓa ganin sufeton da ya bi mutum makewayi ba.

Mu huɗu ne malamai, kuma kowa da abin da yake ja masa hankali bayan katangar makaranta. Hedimasta kiwon awaki yake yi, ranar kasuwa ba ka ganin ko ƙeyarsa. Uwar Biyu, malamar ƙananan aji, tana da keken ɗinki a gida, ita jakarta da tabarau take bari a madadin hula. Sai Mai Inji, wanda ajinsa ke manne da nawa, gidansa ma katanga ɗaya da namu. Injin niƙa gare shi a bakin hanya, ƙararsa ce ke tashin unguwa kowace safiya, kuma sau da yawa yakan shigo aji da farin gari a gira.

Ni kaɗai ne ba ni da sana'a. Abin da nake da shi Inna, da 'yata da uwarta ta rasu ta bar mini tana ƙarama. Saboda haka ni ne mai gadin huluna. Akwai ranar da sufeto ya faɗo mana Hedimasta yana can kasuwa yana jan akuya da igiya. Na ce cikinsa ne ya ɓaci, har na je na ƙwanƙwasa ƙofar makewayi ina cewa, "Ranka ya daɗe, da sauƙi dai?" Sufeto ya ce a bar bawan Allah ya ji da abin da ya dame shi, ya shiga mota ya tafi. Mun daɗe muna wannan dariyar, Mai Inji har hawaye yake yi in an tuna.

Inna ciwon sukari gare ta, ya buɗe mata gyambo a diddige wanda ya ƙi warkewa. Kullum kafin in tafi aiki ni nake wanke mata shi, in sa magani, in naɗe. Ba ta yarda kowa ya taɓa ƙafar in ba ni ba. Abu ɗaya ta roƙe ni tun da ciwon ya kwantar da ita, kada in fitar da ita daga ɗakinta, ɗakin da mahaifina ya cika a ciki. Ƙanwata da ke aure a birni ta yi ta magiya a kawo mata ita, Inna ta ce ita ba za ta je ta mutu a saman bene tana jin hon ɗin motoci ba. Na yi mata alkawari, kuma ban ga abin da zai hana ni cikawa ba, tunda daga ƙofar ajina ina hango rufin gidanmu.

Sai labari ya zo cewa an buɗe sabuwar makaranta can bayan duwatsu, inda mota ba ta kaiwa da damina, ba kuma ko ɗakin shan magani. Ofis ya ce kowace makaranta ta ba da malami ɗaya, ba ruwansu da ƙarancinmu. Muka zauna a ofishin Hedimasta, kowa ya kawo kukansa. Awaki ba sa hawa dutse da mai su, inji ba a ɗaukarsa a kai, keken ɗinki kuma sai inda ake da masu sa sabon kaya. Ni na ce ai kun san halin da Inna take ciki. Mai Inji ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ma dai, wa zai yi zancenka? Inna ai uwarmu ce duka." Muka tashi a kan cewa babu wanda zai miƙa sunan kowa, ofis ya zaɓa da kansa in ya iya.

Bayan 'yan makonni ƙafar Inna ta fara wari. Na yi niyyar in bari sai ƙarshen mako in kai ta babban asibiti, amma Hedimasta da kansa ya same ni bayan an tashi, ya ce ciwo ba ya jiran hutu, in kai ta gobe, ya ji likitan ƙafa yana nan goben. Uwar Biyu ta ce ita za ta riƙe yarana. Mai Inji ya nemo mana mota, ya zo da sassafe ya goya Inna a bayansa har cikin motar, ya karɓi hulata daga hannuna ya ce shi zai ajiye mini a tebur, in tafi hankali kwance. Na yi ta godiya kamar wani maroƙi. Na lura injinsa bai tashi ba a safiyar nan, amma na ɗauka mai ne ya ƙare masa.

Muka wuni a asibiti. Aka yanke ruɓaɓɓen naman, likita ya ce da mun ƙara jinkiri da abin ya kai ƙashi. Na dawo da yamma zuciyata fes, har na sayo wa Mai Inji burodi.

Washegari na shiga makaranta na ga an share fili tas, an shafa wa alluna baƙi, an jera duwatsu a gefen hanya. Teburina kuwa wayam, ba hula, ba littafi, an tura kujerar ciki. Hedimasta ya aiko a kira ni. Bai kalle ni ba, idonsa na kan taga. Ya ce jiya sufeto ya zo ba zato ba tsammani, da umarnin cewa duk malamin da aka tarar ba ya aji, shi ne zai tafi bayan duwatsu. Ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu, amma mutumin ya zo da zafi. Sannan ya buɗe kabad ya ɗauko hulata daga tsakanin kwalayen alli ya miƙo mini.

Na tambaye shi me ya kai hulata cikin kabad. Ya ce wataƙila yara ne garin shara. Na ce me ya sa ba a kira ni ba, ya ce ai ko an kira ba zan iso ba, sai dai a tayar mini da hankali. Na fito ina juya hula a hannu, ina neman yadda zan yarda da shi. Wallahi so nake in yarda. Mutum ya fi son a ce ƙaddara ce ta faɗa masa da a ce da hannu aka tura shi.

Da na koma gida na ga 'yata tana wanke kwanuka, rigar makarantarta na rataye a igiya, fara tas. Na yi mata tsiya na ce yaushe aka fara wankin tsakiyar mako a gidan nan. Ta yi murmushi irin na wadda ta riƙe sirri da kyau, ta ce ai tun shekaranjiya ta wanke, Baffa ne ya ce kowa ya zo da tsabta saboda baƙo. Baffa take kiran Mai Inji tun tana koyon magana, kuma a ajinsa take.

"Shekaranjiya?" na ce.

"E, Baba. Kafin a tashi ya gaya wa 'yan ajinmu. Ni kuma ya kira ni gefe ya ce kada in faɗa maka, wai in ka ji za ka fasa kai Kaka asibiti. Ya ce in ina son ƙafar Kaka ta warke in yi shiru."

Ta tsaya tana kallona da soso a hannu, tana jiran in yaba mata. Na ce ta kyauta, na shige ɗaki. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba, ko ranar da aka binne uwarta, domin wancan Allah ne ya yi, wannan kuwa mutane ne suka zauna suka tsara. Da ma ni kaɗai suka yi wa, da sauƙi. Sai da suka bi ta kan yarinya, suka sa ta riƙe musu igiyar da aka ɗaure ubanta.

Na same shi a wajen inji da la'asar, mata sun yi layi da kwanukansu. Da ya gan ni ya kashe injin ya ja ni bayan rumfa. Bai yi gardama ba, wannan kam na ba shi. Ya ce wani ɗan'uwan Hedimasta da ke ofis ne ya tsegunta musu zuwan sufeto da abin da zai zo yi, su ukun suka zauna. In kowa na nan, sufeto zai zaɓa da kansa, kuma ba wanda ya san kan wa za ta faɗa.

"Kai ba ka da komai a garin nan da za a ce ya lalace," in ji shi. "Ni in na tafi wa zai riƙe inji? Yara bakwai gare ni. Inna kuwa ga ƙanwarka a birni, kusa da asibiti ma, gata aka yi mata."

Na ce, "Hular fa?"

Ya goge fuska da hannu, garin ya ƙara bajewa. Ya ce da an bar ta a tebur, da sufeto ya ce ka zagaya ya wuce, an koma gidan jiya. Shi ya ɗauke ta, don ba ya son ya ɗora wa Uwar Biyu. Ya faɗi haka kamar wanda ya yi wani abin kirki.

Na so in zage shi, na so in kama wuyan rigarsa a gaban matan nan. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, yarinyar me ta yi maka? Nan ne ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce Malam rana tana yi, ya ce yana zuwa, ya koma ya ja igiyar inji.

Na je ofishin ilimi na faɗi halin da nake ciki. Wanda na samu ya saurare ni da kyau, sannan ya tambaye ni ko ina aji a ranar. Na ce a'a. Ya tambaya ko na nemi izini a rubuce, na ce mu ba haka muke yi ba. Ya ce to yaya kuke yi? Na yi masa godiya na fito. In na kwance zancen hula, na tona kaina tare da su, tunda ni na fi kowa ƙwanƙwasa ƙofar makewayi. Sun san da haka tun kafin su fara.

Ban gaya wa Inna gaskiyar abin da ya faru ba. Na ce gwamnati ce ta ɗauke ni, kuma inda za ni ba magani, dole ta koma wajen ƙanwata, jikarta ta bi ta. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta dubi rufin ɗakin, sannan ta ce in ciro mata tsohuwar sandar mahaifina daga bayan ƙofa, da ita za ta tafi.

Ranar tashinmu duk suka zo. Hedimasta ya kama ɗaure katifa a saman mota, Uwar Biyu ta kawo wa 'yata sabuwar riga da ta ɗinka mata. Inna ta sa aka tsayar da su a bakin mota ta yi ta sa musu albarka, ta ce sun riƙe ɗanta kamar ciki ɗaya, Allah ya ba su masu yi musu yadda suka yi mana. Suka amsa da amin ƙasa-ƙasa. Ni ma na ce amin, kuma tawa ta fi tasu ƙarfi.

Mota ta ɗauki hanya. Inna ta rufe fuska da mayafi don kada ta ga gidan yana wucewa. 'Yata na zaune a gefena da sabuwar rigar a cinya, ba ta ko warware ta ba. Tun ranar wankin nan ta rage magana, kuma na san ta ji abin da yara ke faɗa a makaranta. Sai da muka wuce gonakin ƙarshe ta matso kusa da kunnena yadda Inna ba za ta ji ba.

"Baba, da na gaya maka, da ba mu tashi ba ko?"

Na ce da mun tashi, an riga an gama magana tun daga ofis, ba ruwanta a ciki. Ta dube ni ido cikin ido, ta daɗe tana dubana. Sannan ta juya wajen taga, can ta bar idonta har muka shiga birni.