Jan Makirufo Na Babba Ne

Ranar da cocinmu na Oke-Ado ya sayo sabuwar miksa, na'urar haɗa sautin makirufo mai kwamfuta, Baba Fakunle ya zagaya ta sau biyu kamar mai tayin akuya, ya ce bai yarda da na'urar da maɓallanta ke motsi ba hannu ba. Shekara sha tara yana juya tsohuwar, wadda sai an mare ta a gefe take yin magana. Ni kuwa Gbenro, mai gyaran waya a Dugbe, na ce a ba ni mako biyu in sa sabuwar ta gaishe shi da Yarbanci. Kwamiti suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce Lahadin godiyar kaka ce gwajina: in aka ji kunya, tsohuwar ta fito daga sito, ni kuma in koma benci in riƙa tafi da jama'a.

Daɗin sabuwar shi ne tana da ajiya. Ka saita muryar kowa yadda kake so, ka adana, ka ba shi lamba. Na yi tsari goma sha biyu, daga waƙar shiga har albarkar tashi. Danna maɓalli ɗaya kawai, sai fedoji, 'yan sandunan nan na ƙara murya da ragewa, su ruga da kansu kowa ya tsaya inda ka bar shi.

Asabar muka yi gwaji. Makirufo biyar ne, kowanne da launin salatif ɗinsa. Ja shi ne sabo, na ba Morenike mai jan bakin waƙa, na ɗaga shi sosai don muryarta kamar ta sauro mai mura. Fari na ba Tunrayo na danne shi, ita ko ba makirufo ana jin ta a Molete. Haka na bi ƙungiyoyin mata shida da za su kawo baiko, wato kyautar godiya, da waƙa, kowacce da tsarinta. Na tafi gida ina taku ɗai-ɗai.

Abin da na manta, iyayenmu mata ba sa zuwa gwaji. Su ai sun san waƙa tun ba a haife mu ba.

Lahadi da hantsi coci ya cika maƙil, doya da ayaba jibge gaban bagadi. Sai ga Mama Olateju ta hau dandamali, ɗaurin kanta kamar dish ɗin tauraron ɗan'adam. Morenike na ganinta ta durƙusa, ta miƙa mata jan makirufo hannu biyu. Shuɗi ya koma wa mai bi mata a shekaru, haka har ƙasa, Morenike ta ƙare da farin makirufo. Ni ina can baya ina yi wa 'yan matan da ke zaunar da jama'a ba'a, na danna lamba uku.

Mama ta shekara talatin tana kiran fasinja abinci a tasha. Da ta buɗe baki, lasifikoki suka tsala ƙara, jarirai suka amsa, wani ɗan rago da aka kawo baiko ya tsinke igiya. Morenike kuma baki kawai ake gani yana motsi. Na yi maza na gyara da hannu, abu ya daidaita. Waƙa ta ƙare, na danna lamba huɗu, fedoji suka koma daidai inda na bar su ranar Asabar. Ƙara ta biyu ta fi ta farko.

Ban waiwaya ba, amma na ji ƙamshin man zafin Baba Fakunle a ƙeyata. Ya ce ya riga ya aika a ɗauko tsohuwar, in ƙarasa abin da nake yi a hankali.

Zuwa in ce wa Mama ta mayar da makirufo ba ya cikin lissafi. Gara in nemi fasto ya ba ni rigarsa. Kuma ƙungiya shida na tafe, kowacce da tata Mamar. Sai fasto ya ce a rufe ido a yi addu'ar godiya, shi kuwa in ya fara godiya sai ya gode wa Allah a kan kowane amfanin gona da sunansa. Na ƙiyasta minti ashirin.

Na kulle layin fasto don kada canjin tsari ya taɓa muryarsa, na buɗe ido tarwai. Tunda makirufo shekaru yake bi, ni ma sai in bi shekaru. Duk matan nan wayoyinsu sun kwana a shagona, na san wa ke durƙusa wa wa, na san mai tsawa da mai raɗa. Na ɗauko tsari na biyar: ja wurin Mama Ajoke, a rage, shuɗi wurin matar direba, a ƙara. Na adana. Shida, bakwai, takwas, yatsuna na gudu, fasto yana kan rogo.

A na tara na cije. Iya Alaro da Mama Sikirat, muryar ɗaya kamar ganga, ta ɗaya kamar mage, kuma shekara goma ba wadda ta taɓa fara gaida 'yar'uwarta. Na juya na rusuna.

"Baba, ku yi mini rai. Tsakanin su biyun nan wace ce babba?"

Ido ɗaya ya buɗe. "Wato na'urar taka ba ta sani ba?"

"Yarinya ce, Baba. Watanta ɗaya a duniya."

Ya ja mini rai har fasto ya kai kan barkono. Sannan ya ce Iya Alaro, da wata uku, shi ya ci tuwon amala a bikin sunan duka biyun. Ya ƙara da cewa in kula da na goma, yayar dikin ɗin cocinmu ta zo daga Oyo jiya, kuma ita ba ta waƙa, wa'azi take yi da kiɗa. Na rage mata tun ban gan ta ba.

Aka ce amin. Ƙungiya ta farko ta taso da rawa, aka yi durƙushe-durƙushe, makirufo suka zagaya hannu, na danna biyar. Murya ta fito sumul, kalangu a ƙasa, Mama Ajoke a sama, kowace kalma ana ji. Shida haka, bakwai haka. A na tara Mama Sikirat ta tsaya ta kalli jan makirufo, sai ta miƙa hannu ta ɗauki shuɗi tana harare-harare. Na danna. Muryoyin nan biyu suka hau tare kamar ba su taɓa faɗa ba, coci duka ya miƙe, har fasto ya ajiye tabarau ya shiga fili. Ni ma na taka daga zaune, yatsa ɗaya a sama don kowa ya ga da shi kaɗai nake aiki.

Ana cikin haka wasu dattawa biyu suka iso da tsohuwar miksa, suna haki, suka tambayi Baba inda za su sauke.

"Wa ya ce ku kawo ta nan? Ku mayar."

Ya jawo kujera kusa da tawa ya zauna. Ya ce daga yau kujerar tawa ce, amma kowace Asabar in zo gidansa da takardar tsarin sujada ya faɗa mini shekarun mutane. Na ce na ji, na tambaye shi ko yana so ya danna na sha ɗaya da kansa. Ya goge yatsa a agbadarsa, ya danna, fedoji suka ruga, ya janye hannu da sauri ya ce in ci gaba da aikina.